Zan haɗa kwamfutar gem da naira dubu 900 a Kano, da me zan fara?

"Assalamu alaikum Injiniya, ina yi maka fatan alheri. Ni ɗalibi ne, a gidanmu nake zaune a cikin gari. Na daɗe ina tari, yanzu na haɗa kusan naira dubu 900, kuma burina in haɗa kwamfutar gem da hannuna, amma ban taɓa yi ba. Ƙwallo na fi bugawa, FC da eFootball, sai GTA V, kuma ina son in gwada Warzone. Abokina ya ce kada in yarda da abin da bai kai Core i7 da RAM 32 ba. Na kuma ga wata haɗaɗɗiya a kasuwa, mai gilashi da fitilu masu canza kala, an ce i7 ce, kuɗinta ma bai kai abin da ke hannuna ba. In ɗauke ta ne, ko in haɗa tawa? In haɗawar ce, da me zan fara? Ina da talabijin inci 32 a ɗaki. Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena. Amin, kai ma Allah ya sanya albarka a abin da ka tara, don ɗalibi ya haɗa irin wannan kuɗi a wannan zamani ba ƙaramin haƙuri ba ne. In na fahimce ka, kana son injin da zai ɗauki ƙwallo da GTA V ba tare da sarƙewa ba, ya kuma taɓa Warzone, ga shawarar aboki a gefe, ga abin da idonka ya gani a kasuwa, ga kuma kuɗin da ba ka son ya salwanta. Amsata ita ce ka haɗa taka. Sai dai tsarin da zan ba ka ya saɓa da wanda za ka gani a yawancin bidiyoyin YouTube, kuma ina son ka san dalili.

Masu waɗancan bidiyoyi a Amurka ko Turai suke. Wanda suke yi wa lissafi wutarsa ba ta ɗaukewa kuma ba ta rawa, ɗakinsa da sanyi, in kaya ya lalace masa bayan shekara ya mayar wa kamfani a sake masa. Kai kuwa a Kano kake. Wuta ta zo ta tafi, Afrilu ya kama zafi ya haura digiri 40, hunturu ya shigo da ƙura, garantin kasuwa kuma sau da yawa na 'yan kwanaki ne. Shi ya sa duk wanda ya zo shagona da irin tambayarka, daga soket ɗin bangon ɗakinsa nake farawa, sannan katin girafik, wato mai zana hoton wasa, sauran kayan su biyo baya.

Maganar i7 da wadda ka gani a kasuwa

Abokinka alheri ya nufe ka da shi, amma i7 sunan wani ajin firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma sunan shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka ga lambar da ke bayansa. Tun 2008 Intel take fitar da i7, kusan kowace shekara da sabon zubi. Lamba ta farko, ko biyun farko, ita ce zubin: i7-3770 zubi na 3 ne, na 2012, i7-4770 zubi na 4 ne, na 2013. Ƙaramin i3-12100F na 2022, wanda yake zubi na 12, ƙwayoyi 4 gare shi, wato sassan da ke yin lissafi a cikinsa, daidai da waɗancan biyun, kuma a gem ya ba su rata mai yawa. Mutum zai iya biyan kuɗin suna ya koma gida da injin da ya haura shekara goma.

Haɗaɗɗun da ake jerawa da gilashi da fitilu a farashi mai sauƙi, da yawansu in na buɗe abin da nake tararwa shi ne kayan cikin tsohuwar kwamfutar ofis an sa musu sabon akwati, an liƙa ƙaramin kati irin GT 730 ko GTX 750 Ti, sai fawa saflai maras suna, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Ban ga wadda ka gani ba, don haka ba zan yanke mata hukunci daga nan ba. Ka koma ka tambayi abu uku: cikakkiyar lambar firosesa, cikakken sunan katin girafik, da sunan kamfanin fawa saflai. Sai ka auna da wannan: mafi ƙarancin abin da kamfanin EA ya ce FC 24 na buƙata shi ne i5-6600K da GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma wannan don wasan ya tashi ne kawai. Akwai kuma batun Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na 8, tana kuma neman TPM 2.0, wani tsarin tsaro da ke cikin injin. Sababbin wasannin intanet da dama sun fara sharɗanta TPM 2.0 da Secure Boot, wanda shi ma tsarin tsaro ne, saboda maganin masu maguɗi. Tsohon i7 zai iya toshe maka wannan ƙofa gaba ɗaya.

RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita, 32GB ba laifi ba ne, sai dai ba zai ƙara maka saurin wasa ba matuƙar 16 bai cika ba, kuma wasannin da ka lissafa 16 na ɗaukar su. Kuɗin bambancin akwai inda ya fi buƙatarsa.

Wuta tukuna

Mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mini a mace ba gem ne ya kashe su ba, wuta ce. Ko an ɗauke ta ana tsakiyar wasa, ko an dawo da ita da ƙarfi, ko ta kwana tana zuwa rabi-rabi. In na buɗe, sau da yawa fawa saflai ne wanda aka rubuta wat 650 a jikinsa, amma in ka ɗaga shi ba nauyi ko kaɗan, don babu kayan kirki a ciki. Irin wannan in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan tafi da madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan a kai, wani lokaci har da katin girafik, wato abin da ya fi komai tsada. Mai kyau yana da kariya a ciki: wuta ta yi yawa, ko waya ta haɗu, ko zafi ya wuce kima, sai ya kashe kansa ya tsare sauran.

Injin da zan tsara maka ba zai ja sama da wat 300 ba ko yana tsakiyar wasa, don haka fawa saflai mai wat 550 ya isa har da rara. Sabo za ka saya, na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI. Tambarin 80 Plus Bronze da za ka gani a kwali yana nufin ba ya ɓarnar wuta sosai, kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ya ja yana isa ga injin in yana ɗauke da rabin kayansa. Wannan tambari shi kaɗai ba shaidar inganci ba ne, amma wanda ko shi bai samu ba, ka wuce shi. Abin da mutane ba sa dubawa, kuma a wurinmu ya fi tambarin muhimmanci, shi ne takardar da ke liƙe a jikinsa. Nemi wanda aka rubuta 100 zuwa 240V. Wutarmu a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take sauka da daddare in unguwa ta kunna fankoki da firji da hita. Wanda aka rubuta 200 zuwa 240V kawai, da wuta ta yi ƙasa zai fara kashe maka injin.

Bayan shi sai sitabilaiza da UPS, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta hau ko ta sauka, amma in an ɗauke, shi ke nan. Ka nemi mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan an dawo da ita, don lokacin dawowar ne aka fi yin ɓarna. UPS kuma batir ne da zai riƙe ka 'yan mintuna ka adana wasa ka kashe injin yadda ya kamata. Ba don ka ci gaba da bugawa aka yi shi ba. A nan mutane ke faɗawa tarkon lamba: abin da ake rubutawa a jikin UPS VA ne, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, in ka haɗa injin da talabijin ka matse shi, da an ɗauke wuta sai ya yi ƙara ya mutu tare da kai. Ka tashi daga 1200VA zuwa 1500VA. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. UPS masu araha wutar da suke bayarwa daga batir ba sumul take ba irin ta layi, kuma wasu fawa saflai na zamani ba sa jituwa da ita. Gwajin mai sauƙi ne: ranar da ka sayo, kunna gem mai nauyi, ka zare wayar UPS ɗin daga bango. In injin ya ci gaba, madalla. In ya mutu, mayar da shi tun garantin bai ƙare ba.

In ka taɓa ƙarfen akwatin ka ji yana ɗan jan hannunka, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, wato atin. Gidaje da yawa a cikin gari haka suke, musamman tsofaffin gini. Kira mai gyaran wuta ya kafa maka, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Da damina in hadari ya haɗu ana tsawa, zare wayar daga bango gaba ɗaya, kashe makunni bai isa ba. Ƙaramin janareta kuma, irin wanda ake haɗa masa mai da baƙin mai, wutarsa rawa take yi. Kada ka tayar da shi ko ka kashe shi alhali injin na kunne, kuma kada ka jona kai tsaye ba tare da sitabilaiza ba.

In gidanku na da sola da inbata, ga lissafin da ya kamata ka yi kafin rigima ta tashi da mutanen gida. Wat 300 na awa uku ya zama wat-awa 900. Batirin ruwa ɗaya mai bolt 12 da 200Ah abin da yake ɗauka kusan wat-awa 2,400 ne, kuma ba a son a shanye fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Ka ga wasan dare ɗaya ya cinye mafi yawan abin da batir guda zai bayar. Wannan ne ya sa a Kano nake auna kowane kaya da ma'auni biyu, ƙarfinsa da kuma wutar da yake sha. Kayan da bai shan wuta da yawa ba ya yin zafi da yawa, yana barin UPS ya daɗe, kuma inbata na ɗaukar sa.

Ware wa wannan ɓangare, fawa saflai da UPS da sitabilaiza, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka. Na san da ciwo, don ba abin da za ka nuna wa abokai ba ne. Amma wanda ya zuba kuɗinsa kaf a kati da firosesa ya bar wannan, doki ya saya bai tanadi harawa ba.

Katin girafik

A gem, wannan ne mai aikin. Shi yake zana duk abin da kake gani, kuma shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100. Ba zan rubuta maka farashi ba, domin kayan nan da dala ake shigo da su, kuɗinsu na bin abin da aka tashi da shi a Wapa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 lambar da mutum ya rubuta yau ba lalle ta kai wata ba. Sunaye zan ba ka, kai ka taya.

Zaɓina gare ka shi ne RX 6600 na AMD, wanda ya fito a Oktoban 2021. Yana da ma'ajiya 8GB, yana shan wat 132, kuma a 1080p zai buga maka ƙwallo da GTA V a saiti mai kyau, ya ɗauki Warzone a matsakaicin saiti. In ka samu RTX 3060 mai 12GB a kusa da kuɗinsa, shi ma zaɓi ne mai kyau, ko da yake yana shan wat 170. Ka lura akwai wani RTX 3060 mai 8GB da aka fitar daga baya, sunan ɗaya amma bai kai wancan ƙarfi ba, kada a sayar maka da shi a kuɗin mai 12. RTX 4060 na 2023 wat 115 kawai yake sha, kuma ta fuskar wuta shi ya fi dacewa da garinmu, sai dai a kuɗinka zai iya sa ka matse wuraren da bai kamata a matse ba. In dala ta motsa kuɗin ya gaza, sauka zuwa GTX 1660 Super mai 6GB da wat 125. Ƙwallo kam ba zai ba ka kunya ba. In kuma karatunka ya shafi haɗa bidiyo ko zanen gini ko Blender, karkata ga Nvidia, kamfanin da ke yin RTX da GTX, don manhajojin da yawa sun fi jituwa da ita.

Akwai biyu da nake hana mutane. Na farko RX 6500 XT: sabo ne a kwali, amma 4GB ne, kuma a tsohon madabod yana ƙara raguwa. Na biyu RX 580, wanda za ka ga ya cika kasuwa da araha. Kati ne da ya yi tashe a zamaninsa, amma na 2017 ne, yana shan wat 185, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kirifto suka fi yi wa aikin dare da rana. Da kirifton Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumban 2022, sai aka juye irin waɗannan katuna kasuwannin duniya, wasu an wanke su an sake musu fanka da kwali. Da yawa kuma waɗanda aka rubuta 2048SP ne, wanda a zahiri ajin RX 570 ne aka sauya wa suna.

Wannan ba ya nufin kada ka sayi na hannu. A kuɗinka ma kusan dole ne katin ya zama na hannu, kuma na haɗa injuna da yawa da irinsu suna nan suna aiki. Sharaɗin shi ne gwaji kafin biya, gani ya kori ji. A jona shi a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z, mai nuna bayanan kati, ka tabbatar sunan da girman ma'ajiyar sun yi daidai da abin da aka ce, don akwai tsofaffin katuna irin GTS 450 da ake sauya wa suna su fito a matsayin GTX 1050 Ti. Sannan a sa masa manhajar gwaji ta FurMark ko gem mai nauyi na minti 20. Kana kallon abu uku: zafin kada ya zauna sama da digiri 85, fankokin duka su juya ba kuka, sikirin kuma kada ya fitar da ɗigo-ɗigo ko layuka masu kala. Juya shi ka duba tsatsa a ƙarfen baya da alamar ƙuna a inda wayar wuta take shiga. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Firosesa, madabod da sauransu

Nan ba sai mun daɗe ba. Ryzen 5 5600, mai ƙwayoyi 6, wanda ya fito a 2022, ajin wat 65 ne, kuma in sabo ne a kwali yana zuwa da fankarsa. Yana hawa soket AM4, wanda AMD ta fara tun 2016, shi ya sa madabod da RAM ɗinsa suke ko'ina. In Intel ka fi samu, i5-12400F kishiyarsa ne, i3-12100F kuma ya isa in kuɗi ya matse. Harafin F na nufin babu girafik a cikinsa, kuma shi ma 5600 ɗin haka yake, don haka ba za ka ga hoto ba sai da kati. Sabon soket AM5 yana da kyau, amma DDR5 kawai yake karɓa, kuɗin zai fita daga aljihun katin girafik ne.

Wasu za su ce ka sayi Ryzen 5 5600G, mai girafik a ciki, ka fara da shi kafin ka tara kuɗin kati. Hanya ce ga wanda kuɗinsa bai kai rabin naka ba. Zai buga eFootball da GTA V a ƙaramin saiti, amma FC da Warzone za su wahalar da shi, kuma ko ka sa kati daga baya bai kai 5600 ba. Kai ba ka buƙatar wannan zagaye.

Madabod kuma B550 in ka samu, ko B450. In B450 ne, a tabbatar maka an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke tayar da madabod, ya karɓi Ryzen 5000, ajin da 5600 yake ciki, in ba haka ba za ka haɗa komai daidai ka kunna ka ga baƙin sikirin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi firosesa da madabod a hannu ɗaya, a tayar da su tare a gabanka. RAM ka sayi sanda biyu masu 8GB, DDR4-3200, maimakon guda ɗaya mai 16, domin biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda kuma Ryzen na jin bambancin. In ramuka huɗu ne, na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake sawa a yawancin madabod.

Ma'ajiya SSD irin NVMe, sabo, 1TB in zai yiwu. FC kaɗai yana neman fili 100GB, GTA V ma kusan haka, ga Warzone, ka ga 500GB ba zai kai ka ko'ina ba. Shi da fawa saflai su ne biyun da ban yarda a saya na hannu ba. Firosesa da RAM kuwa ba su cika lalacewa ba, na hannunsu ba matsala in an gwada. A AM4 allurai a jikin firosesan suke, ka ɗaga shi a haske ka tabbatar babu wadda ta lanƙwashe.

Talabijin ɗinka ya isa ka fara da shi. Ka duba bayansa dai, don masu inci 32 da yawa 1366×768 ne, ba cikakken 1080p ba, kuma 60Hz. In yana da saitin gem ka kunna, yana rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin motsi. Ƙwallo da fad, wato abin bugawa na hannu, a kansa lafiya lau. Monita mai inci 24 da 144Hz sai ka sake tari, kuma Warzone ne zai nuna maka amfaninta.

Zafi da ƙura

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In ɗakinka ya fi na mai bidiyon zafi da digiri 15, kayan cikin injinka ma za su fi nasa zafi da kusan haka. Ryzen 5 5600 in ya kai digiri 90 zai rage gudun kansa don kada ya lalace, sai ka ga wasa na sarƙewa da rana tsaka ka ɗauka katin ne. Fankar da ke zuwa a kwali tana aiki, amma daga Maris zuwa Mayu a ɗakin da ba AC tana shan wahala. Ƙaramar fanka mai tsayi, mai bututun jan ƙarfe huɗu, tana sauke zafin sosai kuma ba ta da tsada. Mai ruwa kuwa ka bar ta, tsada gare ta, kuma in famfonta ya mutu sai dai a sake wata.

Akwati ka zaɓi mai raga a gaba, ba mai rufaffen gilashi ba. Fanka biyu ko uku su jawo iska daga gaba ta cikin matatar ƙura, ɗaya ta fitar ta baya. In mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun damar kutsawa ta ƙananan ramuka. Ɗora shi a kan tebur, ba a ƙasa kan kafet ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowane wata ka zare wuta, ka fita da shi tsakar gida ka hure da buluwa, kana riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Za ka iya rufe shi da ƙyalle in yana kashe, amma ban da lokacin da yake aiki.

Sayayya da ranar haɗawa

Farm Centre da Beirut Road sun fi ƙarfi a waya da laftof. Za ka samu RAM da SSD da monita da UPS, wani lokaci har kati, sitabilaiza kuma Sabon Gari. Amma kati da madabod da fawa saflai na gem, sau da yawa daga Computer Village ta Ikeja ake yo webil ɗinsu. In haka ne, ya fi maka ka bi ta hannun ɗan kasuwar da ke da shago a nan Kano, ko da zai ɗora ribarsa, domin ka san inda za ka koma. Kowane kaya a rubuta maka rasit da lambar jikinsa da adadin kwanakin garanti. Kada kuma ka riƙa saye ɗaya-ɗaya wata bayan wata. Firosesa, madabod, RAM da kati a mako guda za ka haɗa su, in ba haka ba garantin na farko zai ƙare kafin ka samu abin gwada shi.

Haɗawar ba ta kai tsoron da ake ji ba, sukundireba ɗaya da natsuwa ne. Yi a kan tebur, ba kan darduma ba, kuma ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kaya, musamman da hunturu, lokacin da ko ƙofar mota ka taɓa sai ta ja ka. Fara tayar da madabod a kan kwalinsa da firosesa da RAM da kati kafin ka ɗaure a akwati. Kada ka tura komai da ƙarfi, abin da ya ƙi shiga ka juya shi ne. Wayar wutar firosesa da ta katin girafik sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, ka karanta rubutun jikinsu. Wayar HDMI a jikin katin take shiga, ba a madabod ba. Da ya tashi, shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM mai suna XMP, wanda kamfanin ASUS ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna ƙasa da gudun da ka biya. In akwai wanda ya taɓa haɗawa, ya zauna kusa da kai, amma hannunka ya yi aikin.

Sauran abu biyu da kaya ba sa gyarawa. Na farko data. Sauke wasa mai 100GB a layin waya kuɗi ne mai yawa, amma in abokinka na da wasan a Steam, manhajar sayen wasanni, za ka iya kwafo fayilolinsa kai ma in ka mallaki wasan, Steam ta duba ta cike abin da ya rage. eFootball da Warzone kyauta ne. Wasannin da aka fasa, na wurin masu turi, ba sa shiga intanet yadda ya kamata, kuma na sha cire ɓoyayyun manhajojin haƙar kirifto da suka shigo ta cikinsu suna cinye katin mutum bai sani ba.

Na biyu jinkirin intanet, wanda 'yan gem ke kira fing. Sabobin yawancin waɗannan wasanni, wato manyan kwamfutocin da ake jonawa da su a buga, a Turai suke, wasu a Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya, kuma daga Kano abu ne da aka saba a ga lambar ta haura 100. Babu katin da zai rage wannan. In ƙwallo da abokai a ɗaki shi ne kusan duk abin da za ka yi, gaskiya PlayStation na hannu zai biya maka buƙata da kuɗi ƙasa da haka, kuma kwamfutar ta fi cancanta ne in za ka haɗa da karatu da aiki. Warzone kuwa, kafin ka ƙara ko sisi dominsa, je wurin wanda yake bugawa a unguwarku, a kan irin layin da za ka yi amfani da shi, da daddare lokacin da kowa ke kan intanet, ka buga zagaye biyu ka ga ko za ka iya jure abin da ka gani.